Shekarar da Na Bi Mai Lofe Tsibiri

Ku kuna cewa aikin kuku ba wuya, wai wuta ce da tukunya, kowace yarinya tana yi a gidan ubanta. To ku gyara zama. Ni na shiga aikin nan tun gemu bai fito mini ba, kuma abin da aka fara koya mini ba girki ba ne, rashin yarda ne. Kukun Bature in ya cika yarda da mutane ba ya daɗewa. Ko dai maigidansa ya kwanta, ko shi a kore shi.

Da ƙwai na fara. Ina saurayi a Wagini, in Bature ya fito rangadi sai a aiko ƙauyuka a ce a kai itace da ruwa da kaji da ƙwai barikin Safana. Wata rana ni aka ɗora wa ƙwaryar ƙwan garinmu. Na iske wani tsoho baƙi siriri a bayan bariki, da farin ƙyalle ɗaure a ƙugu, yana hura wuta a cikin wani suri da ya huda ya mai da shi wurin gasa burodi. Shi ne Baba Isiyaku, kukun Baturen gandun daji, tsohon mai girkin soja. Bai ko gama amsa gaisuwata ba ya jawo kwano da ruwa, ya riƙa sakin ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya nutse ya ajiye dama, wanda ya taso ya ajiye hagu. Na hagu suka fi yawa.

Ya ce, "Kai ka zaɓo su?"

Na ce, "A'a Baba, gida-gida aka bi aka tara."

"Na sani. Wanda aka karɓi abu hannunsa bisa tilas ba ya ba da mai kyau. Ko ni ne haka zan yi. Kana iya hura wuta ba hayaƙi?"

Na hura ya gani. Da za su tashi ya je har gida ya roƙi mahaifina, aka ba shi ni.

Shekarata ta farko ban taɓa tukunyar abinci ba, ruwa aka ba ni. Kun san ruwan ƙasar Ruma da rani: tafki ɗaya, shanu su sha, mutane su sha, mai kurkunu ya shiga da ƙafarsa ya ɗebo. Sai a kawo mini a garwa, in bar shi ya kwanta, in tsiyaye na sama, in dafa shi har ya yi ta tsalle, ba wai ya yi ɗumi ba. In ya huce a rufe sai in zuba a filta. Filta wani tulu ne na ƙarfe hawa biyu, a cikinsa akwai wani farin dutse mai kama da kyandir, ta jikinsa ruwa ke tsattsafowa ya ɗiga ƙasa. Dutsen nan shi ne ran aikin. Ana goge shi da buroshi, a dafa shi, a ɗaga shi a rana a duba, don in ya tsage ko da kamar silin gashi ne, to da kai da wanda ya kafa baki a tafki duk ɗaya. Baba Isiyaku in zai bar kicin yakan ɗora ɗan tsinke a kan murfin filtar, a inda shi kaɗai ya sani. In ya dawo tsinke ya gusa ba ya tambayar kowa. Ruwan yake zubarwa, ni kuma in sake daga farko.

Na taɓa ce masa, "Baba, ai ba kowa a nan sai mu."

Ya ce, "Har da mu ɗin nake nufi."

Sayen nama a kasuwar Batsari ma da dokarsa. Ba na zuwa in tarar da nama a kan tebur. Sammako nake yi in ga dabbar a tsaye da ƙafafunta, tana tuƙa, idonta garau, sannan a yanka a gabana, in ce a nuna mini hanta. Mahauta sun yi ta mini ba'a, wai ko surukina zan kai wa. Madara kuwa sai Bafillata ta tatsa ina tsaye, kuma duk da haka sai na dafa. Latas da tumatir sai sun yi wanka a ruwan wani jan magani da ke rina hannu. Sai da na iya waɗannan duka sannan Baba ya bar ni na soya albasa.

Maigidanmu mutanen ƙauye suka sa wa suna Mai Lofe, don ba a ganinsa sai da lofe a baki, ko da wuta ko babu. Dogo ne, ba mafaɗaci ba, yana jin Hausa har da karin magana, ko da yake yakan sa ta inda ba wurinta ba. Gidansa yana Katsina, amma rabin shekara muna tsakanin barikin Safana da ƙauyukan bakin daji, yana bin iyaka yana sa wa itatuwa alama. In abinci ya yi masa daɗi ba ya cewa komai. In ka ji "Kuku!" to akwai magana. Da idon Baba Isiyaku ya fara yana, sai ya miƙa mini wuƙarsa da dutsen washinsa ya koma garinsu, na zama kuku. Ba a jima ba Mai Lofe ya je hutu Ingila ya dawo da mata, 'yar siririya mai yawan dariya, muna ce mata Uwargida. Na yi shekaru ina ciyar da su a gida da daji, ko murɗawar ciki ba wanda ya taɓa yi a hannuna.

Shekarar da ta ɓaci tana tsakiyar babban yaƙin Turawa na biyu. Lokacin hutun Mai Lofe ya yi, amma jiragen ruwa ba sa kai mutane gida lafiya, nutsar da su ake yi a hanya. Aka ce masu hutu su huta a nan ƙasar. Wasu suka tafi Jos shan sanyi. Uwargida ta ce ita teku take marmari. Wani abokinsa ya ba shi labarin wani ɗan tsibiri kusa da Ikko, inda wani kamfani ke da gidan saukar baƙi. Mai Lofe ya kira ni ya ce, "Kuku, an ce akwai mai girki a can, amma ban san hannunsa ba. Da kai za mu."

Na je Wagini sallama. Inna ta tambaye ni, "Mi ne ne tsibiri?" Na ce ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Ta tashi ta ɗebo ƙasa daga gindin randarta, ta shanya, ta ƙulle mini a tsumma.

"Ruwan wani gari ba ya son baƙo," in ji ta. "Duk sa'ad da za ka sha, barbaɗa wagga kaɗan, cikinka ya ɗauka gida yake."

Na san abin da Baba Isiyaku zai ce in ya ga mai dafa ruwa yana zuba masa ƙasa. Amma ba a mai da wa uwa hannu. Na sa ƙullin a akwati kusa da layata.

Mota ta kai mu Funtuwa, jirgin ƙasa ya kai mu Ikko, daga nan wani kwale-kwale mai inji. Duk tafiyar nan dutsen filta yana kan cinyata, naɗe a bargo. Tsibirin ƙarami ne, in ka tashi da hantsi ka kewaye shi kafin azahar. Gefe guda farin yashi ne da bishiyoyin kwakwa, teku tana ruri kamar hadarin da ba ya saukowa. Ɗaya gefen kuma wani baƙin ruwa ne kwance, da itatuwa masu saiwoyi a waje, gidan sauro na gaske. Iskar wurin jiƙaƙƙiya ce. Gishiri ya narke a kwalba, ashana ta ƙi kamawa, burodin da ka gasa yau gobe ya yi funfuna. Uwargida ta cire takalma ta ruga bakin ruwa tana tafi. Ni kuwa na ce a nuna mini inda ake ɗiban ruwan sha.

Mai kula da gidan wani mutumin Kalaba ne, Etim, gajere mai jiki. Shi ma kuku ne, kuma gwani, ba zan rage masa ba. Duk Baturen da ya sauka shi ke masa girki, in za a tafi a yi masa alheri. Sai ga Mai Lofe da nasa kukun, har da tukwanensa. Da guntun Turancin bariki muke magana da shi. Ya nuna mini kicin yana yaƙe, ya nuna mini tankin da ke tara ruwan sama daga rufin kwano. Na sa tsani na hau na buɗe murfin. Ruɓaɓɓen ganye, 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, da wani ƙadangare da ya daɗe da rasuwa.

Etim ya ce daga ƙasa, "Turawa da yawa sun sha ruwan nan, ba wanda ya mutu."

Na ce, "Waɗanda suka mutu ai ba za su dawo su gaya maka ba."

Daga ranar ya daina yi mini yaƙen ma.

Tsare lafiyar mai hutu ya fi tsare ta mai rangadi wuya, wannan a can na gane. Mai rangadi yana tsoron daji, yana jin magana. Mai hutu kuwa gani yake ciwo ma hutu ya tafi. Akwai firji mai aiki da kananzir a gidan, Etim ya cika shi da ƙanƙarar ruwan tanki. Na kwashe na zubar, na sake da dafaffen ruwa, don ƙanƙara ruwa ce da ta sa farar riga, sanyi ba ya kashe abin da ke cikinta. Abarba da gwanda sai wadda na fere da hannuna. Kwakwa sai wadda aka fasa a gabana. Takalmansu kullum ina ajiye su a bakin ƙofa saboda jiga, ɗan ƙwaron nan da ke shiga ƙarƙashin farce ya yi ƙwai. Kafin rana ta faɗi na duba gidan sauro na ɗinke inda ya yage, na cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Da yamma in kai musu ƙwayar kwinin a ɗan faranti, kowa tasa.

Kifin teku ne ya nuna mini iyakata. Ni ɗan Wagini, tarwaɗa na sani da karfasa. Nakan tsaya bakin ruwa in sayi mai motsi daga hannun masunta, in buɗe kunnensa in ga ja, in duba ido. Wata rana na sayo wani ƙato mai kyan gani, Etim ya leƙo ya ce kada in dafa, wannan irin yana sa mutum amai. Na ce a raina so yake in zubar ya ɗauka. Na koma da kifin wurin wani tsohon masunci na nuna masa, ya kama cikinsa ya girgiza kai. Na jefar. Etim ya yi gaskiya, amma ko a ranar sai da na tambayi kaina me ya sa ya gaya mini. Akwai kuma wasu abubuwa masu ɓawo kamar katantanwa, da matan masunta ke tonowa a wajen baƙin ruwan nan. Turawa na ɓare su su matsa lemun tsami su haɗiye ɗanye. Uwargida ta ce in sayo. Na ce ba za su shiga kicin ɗina ba, sai dai a sallame ni. Ta yi dariya ta bar maganar.

Hutu ya shiga kan Uwargida sosai. Yawo ba takalmi, wanka a teku da tsakar rana, da yamma kuma ta tafi ita kaɗai can wajen duwatsu kusa da baƙin ruwa, ta zauna hannuwa a waje tana kallon faɗuwar rana, daidai lokacin da sauro ke fitowa kiwo. Ta kuma fara ƙorafi wai kwinin na sa kunnenta ƙara. Na sami Mai Lofe na gaya masa. Ya cire lofe ya ce, "Kuku, hutu muka zo, ba rangadi ba. Kai ma ka huta."

Wata la'asar na fita bayan gida na yi salla, na dawo na tarar tsinken da nake ɗorawa kan murfin filta ya faɗo ƙasa. Na zubar da ruwan filtar, na fito da dutsen na duba, ban ga tsaga ba. Amma kafin in dawo Mai Lofe ya riga ya tsiyayi kofi ɗaya daga famfon ƙasa ya kai wa matarsa. Shi bai taɓa murfi ba, ya ce ba ruwansa da sama. Na tambayi Etim. Ya ce iska ce. Tagar kicin kuwa a rufe take.

Bayan 'yan kwanaki Uwargida ta tashi da ciwon kai. Kafin azahar tana rawar ɗari cikin bargo, ga amai, ga gudawa. Kashegari ba ta gane mijinta. Kwale-kwale mai inji ba kullum yake zuwa ba, sai aka roƙi masunta suka tafi Ikko da nasu su ɗauko likita.

Ina tsaye ina tace romon kaza na ji kira. Ba "Kuku" ya ce ba. "Mamman!" ya ce, sunana na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinsa ba. Na fito baranda. Yana tsaye ba lofe, idanu jawur, Etim a bayansa.

"Etim ya ce ya gan ka kana zuba wani gari a ruwa. Ba sau ɗaya ba."

Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. A nawa ruwan."

"Kawo akwatinka."

Na kawo. Ya kife shi a ƙasa da kansa. Riguna, tasbi, laya, ƙullin Inna. Ya kwance ƙullin ya sa yatsa ya murza.

"Mene ne wannan?"

"Ƙasar garinmu ce. Uwata ta ba ni saboda baƙon ruwa."

"Na daɗe a ƙasarku, Mamman. Na san abin da ake yi da ƙasa da laya."

Na ce, "In ka daɗe a ƙasarmu, ka daɗe kana cin abin hannuna."

Ya ɗauko kofi, ya juye ƙasar duka a ciki, ya zuba ruwa, ya miƙo mini. Na yi bisimilla na shanye, har lakar ƙasan kofin na lashe don kada a ce na rage. Ya tsaya yana kallona kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Da aka jima ba abin da ya same ni, sai Etim ya matso ya ce masa wai duk mai haɗa guba yana da makarinta, ya riga ya sha. Mai Lofe ya kama hannun rigata ya kai ni sito, ɗakin da ake ajiye kayan gwangwani, ya tura ni ya sa kwaɗo. Ya ce in ta tashi, to. In ba ta tashi ba, 'yan sandan Ikko za su ji sauran bayanin.

Na ce ta jikin ƙofa, "Ranka ya daɗe, kulle ni ka kulle. Amma kada a ba ta ruwan da ba kai ka dafa da hannunka ba. In babu, ka fasa kwakwa da kanka ka ba ta."

Na ji takunsa ya yi nisa. Amma can na ji ana ta fama da ashana a kicin, kuma na san ba Etim ba ne, don Etim ba ya ɓata ashana haka.

Ba sai na gaya muku inda magana ke ƙarewa ba a wancan zamani, in aka ce baƙin mutum ya kashe matar Bature. Ga shi ba ni da kowa a Ikko, ba mai jin harshena balle ya tsaya mini. Na yi taimama a daɓen sito na yi sallolina. Da na rasa abin yi sai na bi gwangwanayen ina dubawa, waɗanda suka kumbura na ware su gefe, kada a buɗe wa maras lafiya.

Kashegari da hantsi likita ya iso, wani Bayarabe mai tabarau da ya yi karatu a Ingila. Ya huda mata yatsa ya ɗebi jini, ya yi mata allura, sannan ya ce a fito da kuku. Ya zaunar da ni ya tambaye ni duk abin da ta ci da yadda nake sarrafa ruwa, Mai Lofe na fassara inda Turancina ya ƙare. Ya sunsuna tsumman Inna ya ajiye. Daga nan ya ce zazzaɓin sauro ne, mai tsanani, wannan ba shakka. Amai da gudawar kuma mai yiwuwa zazzaɓin ne ya kawo su, ko kuma wani abu ne ta ci ko ta sha, shi ba zai rantse ba. Likita gaskiyarsa ya faɗa. Amma wannan "ko kuma" ita ta kashe mini aiki.

Allah ya sa da sauran kwananta. Zazzaɓi ya sauka, ta buɗe ido, ta nemi abinci. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri. Mai Lofe dai ya leƙo kicin ya ce, "Kuku, Uwargida tana son romo." Na yanka kaza na dafa na kai. Ina shirin juyawa ya miƙo mini cokali.

"Ɗanɗana."

Na ɗanɗana. Na ɗauka na ranar ne kawai.

Kafin mu bar tsibirin na yi nawa binciken. Na je wajen duwatsun da take zama, na tarar da tarin ɓawon abin nan da na hana, da busassun ɓarin lemun tsami. Wata matar masunci ta nuna mini da hannu yadda Baturiya ke saye tana haɗiyewa. A gindin wata fulawa da ke bakin barandar ɗakinta kuma na tono ƙwayoyin kwinin, sun fara narkewa. Ban kai wa Mai Lofe ko ɗaya ba. Kuku ba ya kai ƙarar mata wurin mijinta, in ya kai, su shirya shi ya kwana a ciki. Kuma ko na kai, me zai hana a ce ni na zuba su a can? To ga sauro, ga ɓawo, ga tsinkena da na tarar a ƙasa. Wanne ne ya kayar da ita, Allah kaɗai ya sani. Malamai sun ce zato zunubi ne, ban musa ba. Ranar tafiya Etim ya ɗaukar mini akwati har bakin ruwa, ya ba ni ƙunshin busasshen kifi wai tsaraba. Na yi godiya. Da muka yi nisa na sake shi a teku.

Muka dawo gida, cokali bai tsaya ba. Safe, rana, dare, sai na tsaya gefen tebur na ci loma daga kowane faranti sannan su sa hannu. Uwargida takan sunkuyar da kai, wani lokaci ta yi masa magana da Turanci ƙasa-ƙasa, shi kuwa ya yi kamar bai ji ba. Ba ya zagi, ba ya tsawa, albashina bai taɓa ba. Cokali dai. A gida abin tsakaninmu ne. A rangadi kuwa a waje ake cin abinci, 'yan dako na gani, 'yan aiken mai gari na gani. Ba a daɗe ba na je kasuwar Batsari wani mahauci ya ce mini, "Mamman, yau mu za mu duba hantar ko kai?" Aka yi dariya. Na gane labari ya riga ni zuwa kasuwa.

Haka muka yi har azumi ya kama muna rangadi a ƙauyen Babban Duhu. Ranar farko da azahar na gasa zabuwa, na soya dankali, na jera a tebur ƙarƙashin wata tsamiya. Ya miƙo cokali.

Na ce, "Ranka ya daɗe, azumi nake."

Ya ce, "Na tambayi malamanku. Sun ce mai girki yana iya ɗanɗanawa ya tofar."

"Haka ne. Amma kai ba ɗanɗano kake nema ba, haɗiya kake nema. Ni kuwa ba na haɗiya sai rana ta faɗi."

'Yan dako da ke kwance a inuwa suka tashi zaune. Sai Uwargida ta jawo farantin gabanta, ta yanki tsokar zabuwa, ta ɗaga za ta kai baki. Mai Lofe ya kama wuyan hannunta. Da sauri ya kama, bai ko yi shawara ba, har naman ya faɗi a ƙasa.

Duk watannin nan ina ce wa kaina firgita ce ta tsibiri, za ta sake shi. Da na ga hannun nan na san ba firgita ba ce. Na kwance farin ƙyallena na ninke na ajiye a gefen tebur.

Ya ce, "Kuku, ina za ka?"

"Wagini."

"Wa zai yi abincin dare?"

Na ce, "Akwai gwangwani a akwati, ranka ya daɗe. Shi ba shi da hannu."

Ina bayan bukka ina ɗaure tabarmata sai ga Uwargida. Hausarta ba ta da yawa, sai da ta tattaro ta. Ta ce, "Mamman, laifi ba naka ba. Ni na sani."

Na ce, "Ba ni za ki gaya wa ba, Uwargida."

Ta tsaya tana murza yatsunta, ta waiga wajen tsamiya inda mijinta ke zaune, ba ta motsa ba. Na ɗauki kayana na kama hanya da azumi a bakina. Ko ta gaya masa daga baya, ban sani ba. Mai Lofe dai ya aiko a kira ni bayan salla, na ce a gaishe shi.

Na yi wa wasu Turawan aiki bayansa, daga baya na gina tanda a Batsari na koma gasa burodi, wanda ubanninku suka tashi suna ci. To kai da kake shirin tafiya aikin otal kana cewa ai girki ne kawai, girkin za ka iya shi cikin damina ɗaya. Ruwanka dai ka dafa, kifinka ka duba, kada ka bar kowa ya buɗe maka tukunya. Amma ranar da ka ga mai cin abincinka ya bar kallon faranti ya koma kallon hannunka, kada ka tsaya jiran shaida. Kashe wutarka ka tafi tun da sauran rana.